Jihar da ke mayar da rarar haraji, me ya sa take neman ƙari daga masu kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka. A 2022 gwamnatin jiha ta aiko wa kowane mai biyan haraji cek na dala 750, aka ce rara ce aka mayar mana. Amma kullum 'yan majalisa na kukan babu kuɗin makarantu da na asibiti, wasu kuma na cewa a ƙara wa masu kuɗi haraji. Wanda ke da rara har yana rabawa, ta yaya zai ce ba shi da kuɗi? In kuma an ƙara wa attajirai haraji, ba abin da za a mayar mana ne zai ƙaru ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar "rara" ce ta rikita ka, kamar yadda take rikita 'yan jihar da dama. A wurinmu rara ita ce abin da ya saura bayan an biya buƙata. A dokar Kolorado kuwa, rara ita ce abin da ya haura wani adadi da lissafi ya yanke, ko an biya buƙata ko ba a biya ba. Jiha na iya samun rara ta wannan ma'ana a shekarar da take rage kuɗin makarantu, kuma hakan ya sha faruwa.

Tushen abin gyara ne da masu zaɓe suka yi wa kundin tsarin mulkin jihar a Nuwamba 1992, wanda ake kira TABOR, wato dokar haƙƙin mai biyan haraji. Wani ɗan gwagwarmayar ƙin haraji mai suna Douglas Bruce ne ya rubuta shi, yana nan a sashe na 20 na babi na 10. Abubuwa uku a cikinsa suka shafi tambayarka. Ba a ƙirƙiro sabon haraji ko a ƙara tsoho sai an kai wa jama'a sun kaɗa ƙuri'a. Kuɗin shigar da gwamnati za ta riƙe a shekara yana da iyaka, abin da ya haura a mayar wa masu shi. Sannan harajin samun kuɗi dole ya zama kaso ɗaya ga kowa, mai gadi da mai kamfanin da yake gadi.

Ga yadda ake yanke iyakar. Ana ɗaukar iyakar bara, a ƙara mata hauhawar farashi na yankin birnin Denba da ƙaruwar yawan mutanen jihar. Mu ƙaddara iyakar bara dala biliyan 18 ce, farashi ya hau da kashi 3 cikin 100, jama'a sun ƙaru da kashi 1. Iyakar bana ta zama biliyan 18 da ƙarin kashi 4, wato biliyan 18.72. In jiha ta tara biliyan 20, sai ta mayar da biliyan 1.28. In ta tara biliyan 18.5, ba wanda zai ga ko sisi. Shekarar kasafi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, a watan Satumba babban akantan jiha ya tabbatar da adadin, mai binciken kuɗi ya duba, a biya cikin shekarar kasafi mai zuwa. Gwamnatin da ta riƙe kuɗin ba bisa ƙa'ida ba ana iya kai ta kotu, ta mayar da shi da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kowace shekara.

Ba kowane kuɗi ake sawa a wannan ma'auni ba. Abin da ya zo daga gwamnatin tarayya ba ya ciki, haka kyauta, da kuɗin fansho, da diyyar kotu, da duk kuɗin da masu zaɓe suka amince a riƙe. Ka riƙe wannan na ƙarshe, don a kansa amsar tambayarka ta biyu take.

To me ya sa lissafin ba ya isar gwamnati? Saboda ma'aunin hauhawar farashi na kayan da magidanci ke saye ne: abinci, hayar gida, man mota, sutura. Ita gwamnatin jiha manyan abubuwan da take saye su ne jinyar marasa ƙarfi ta shirin Medicaid, da albashin malamai, da gidajen yari, da hanyoyi. Kuɗin jinya yana hawa fiye da farashin burodi. Yawan jama'a ma ƙirga kai ake yi kawai, ba a duba cewa tsofaffi masu buƙatar kulawa sun fi sauran jama'a saurin ƙaruwa. Idan Medicaid ya ci ƙarin kashi 8 a shekarar da iyaka ta ƙaru da kashi 4, dole a yanko cikon daga wani wuri, kuma jami'o'i da hanyoyi ne suka saba ɗaukar dukan. Harajin man fetur na jihar yana nan a santi 22 kan kowane galan tun 1991, don ƙara shi sai an je gaban masu zaɓe.

Masu goyon bayan TABOR suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa gwamnati ba ta taɓa cewa kuɗi ya ishe ta, kuma dokar ba ta hana ƙara haraji ba, cewa ta yi a tambayi mai biya tukuna. Ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu masu yawa sun tambaya an ba su izinin riƙe rararsu, har abin ya sami suna a bakin 'yan jihar, suna kiransa "cire Bruce". A matakin jiha ne jama'a suka fi ƙi: sun yi watsi da Ƙudiri na CC a 2019, suka kuma yi watsi da na HH a 2023, dukansu na neman a riƙe rarar ko wani sashe nata.

Akwai wani lahani a ainihin dokar wanda hatta gwamnan jam'iyyar Rifablikan, Bill Owens, ya yarda sai an gyara. Da farko, ana gina iyakar bana a kan abin da aka tara bara in ya gaza iyaka. Da tattalin arziki ya karye a 2001, kuɗin shiga ya faɗi, iyakar ta bi shi ƙasa, kuma da kasuwa ta farfaɗo sai aka tarar jiha za ta fara mayar da "rara" alhali ba ta ko koma inda take kafin faɗuwar ba. Kamar kwaɗon da in ya rufe ba ya komawa baya. A 2005 masu zaɓe suka amince da Ƙudiri na C: an dakatar da mayar da kuɗi na shekara biyar, aka ɗauki shekarar da ta fi kowace samu a cikinsu, wato 2007 zuwa 2008, ta zama sabon tushe. Tun daga nan iyaka a kan iyakar bara take hawa, ba a kan abin da aka tara ba.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: kuɗin da ke tura jiha ta haura iyaka daban, aljihun da ake biyan rarar daga ciki daban. Kuɗin lasisi, da rajistar mota, da harajin haƙar mai da iskar gas, duk ana ƙirga su a ma'auni, amma doka ta riga ta keɓe su ga ayyukansu. Idan suka ƙaru suka sa aka haura iyaka, daga babban asusun jiha ake mayar da kuɗin, asusun da ke biyan malamai da asibitoci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa majalisa ta ƙware wajen mayar da hukumomi "kamfanin gwamnati". Dokar ta ce duk sana'ar gwamnati da ke samun ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kuɗinta daga tallafin jiha da ƙananan hukumomi ba a sa kuɗinta a lissafi. Jami'o'in jihar sun koma haka tun 2004, kuɗin da ake karɓa daga asibitoci ya koma haka a 2017. Sannan kotunan jihar sun bambanta haraji da kuɗin hidima, na biyun ba ya buƙatar ƙuri'a. Santi 27 da aka fara ɗorawa a kan kayan da aka kawo maka gida da mota a Yuli 2022 kuɗin hidima ne a idon doka, ko da aljihunka bai ga bambanci ba. Masu adawa da wannan dabarar sun mayar da martani da Ƙudiri na 117 a 2020: duk sabon kamfanin gwamnati da zai tara sama da dala miliyan 100 a shekara biyar na farko sai an kai shi ƙuri'a.

Mu zo kan rabon, don a nan ne maganar mai kuɗi da talaka ta fara shigowa. TABOR ya ce a mayar, amma ya bar wa majalisa ta zaɓi hanya. Bisa tsarin da aka saba, ana fara biyan ƙananan hukumomi rangwamen harajin gida da aka yi wa tsofaffi da tsofaffin sojoji masu naƙasa. In kuɗi ya isa, sai a rage kason harajin samun kuɗi na shekara ɗaya. Abin da ya saura a raba shi mataki shida gwargwadon samun mutum. A shekarar haraji ta 2024 an sauke kason daga kashi 4.40 zuwa 4.25. Mai samun dala 50,000 da ake yanke wa haraji a kai ya tsira da dala 75, mai miliyan ɗaya ya tsira da dala 1,500. A rabon mataki shida na wannan shekarar, na ƙasa ya sami dala 177, na sama dala 565.

Dala 750 ɗin da ka karɓa a 2022, ko 1,500 ga ma'aurata, ba haka aka raba ta ba. Rarar shekarar ta kai wajen dala biliyan 3.7, majalisa ta yi doka ta musamman aka ba kowa daidai wa daida, aka kuma gaggauta aiko da cek kafin lokacinsa. An maimaita rabon daidai a shekarar haraji ta 2023, dala 800 ga mutum ɗaya, 1,600 ga ma'aurata. Dokoki ne na shekara ɗaya ɗaya. Mai ƙaramin albashi ya fi samu a rabon daidai, mai babban albashi ya fi samu a rabon mataki, kuma kowane ɓangare yana kiran nasa adalci: wannan ya ce kowa ɗan jiha ne, wancan ya ce wanda ya fi zubawa shi ya kamata ya fi kwasa.

Yanzu tambayarka ta biyu. In an ƙara wa masu kuɗi haraji, shin abin da za a mayar maka zai ƙaru? Ya danganta da jimla ɗaya a takardar ƙuri'a. Idan ƙudirin ya ƙara haraji amma bai ce a fitar da sabon kuɗin daga lissafin iyaka ba, to a shekarar da jiha ta riga ta haura iyaka, kowace dala da aka karɓa za ta koma cikin rara a raba ta. Makarantu ba su ga komai ba, kuma a tsarin mataki shida wani kaso mai tsoka ya koma hannun waɗanda aka karɓa daga gare su. Tufka da warwara ke nan. Shi ya sa duk wanda ya san aikinsa yake rubuta cewa masu zaɓe sun amince a riƙe kuɗin a kashe shi ba tare da iyakar ta shafe shi ba. Da wannan jimlar, cek ɗinka ba zai ƙaru ba, kuɗin zai tafi aikin da aka ambata. Saboda haka amsar a aikace ita ce a'a: ba a rubuta irin waɗannan ƙudirori don su ƙara maka rara.

Har ma yana iya ragewa. Yawancin masu neman a ƙara wa na sama suna haɗawa da rage wa na ƙasa da na tsakiya, don su sami ƙuri'a. Ragin yana rage kuɗin da ake ƙirgawa a ƙarƙashin iyaka, ƙarin kuma yana waje da ita. Sai ka biya haraji kaɗan a albashinka, rarar da za a mayar maka kuma ta ragu ko ta ɓace. Kafin ka yanke ko ka ci riba, sai ka haɗa biyun a takarda ɗaya.

Kafin ma a kai nan, akwai katangar kaso ɗaya. Kolorado ta koma kaso ɗaya a 1987 da kashi 5 cikin 100, TABOR ya kulle shi a kundin tsarin mulki, daga nan kuma sauka kawai yake yi: 4.75 a 1999, 4.63 a 2000, 4.55 a 2020, 4.40 a 2022, biyun ƙarshe da ƙuri'ar jama'a. Rage haraji ba ya buƙatar izinin kowa, ƙara shi ne ke buƙata. An gwada kawo haraji mai hawa hawa sau biyu ta hanyar gyaran kundin. Gyara na 66 a 2013 ya sha kaye da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Gyara na 73 a 2018, wanda zai fara ƙari daga samun dala 150,000 ya kai kashi 8.25 ga abin da ya haura 500,000, ya sami kusan kashi 46, alhali tun 2016 ƙara wani abu a kundin yana buƙatar kashi 55, da sa hannun kashi 2 cikin 100 na masu rajista a kowace mazaɓa 35 ta majalisar dattawan jihar. Akwai ƙofa ɗaya da lauyoyin wannan fanni ke nunawa: gyaran da gogewa kawai yake yi, ba ya ƙara komai, rinjaye na rabi da ɗoriya ya ishe shi. Don haka dabarar ita ce a goge jimlar kaso ɗaya daga kundin, sannan a rubuta sababbin matakan a doka ta yau da kullum.

Sai kuma yadda ake gabatar da tambayar. TABOR ya tilasta a fara ta da manyan baƙaƙe, a ce shin a ƙara harajin jiha da dala kaza a shekara. Mai zaɓen da ya ga biliyan 1.6 da manyan haruffa a layin farko ba lallai ya kai layi na shida inda aka ce ƙarin bai shafe shi ba.

Abin da ya yi nasara shi ne bi ta bayan gida. Ƙudiri na FF a 2022 bai taɓa kason ba. Ya rage abin da mai samun dala 300,000 ko fiye zai iya cirewa daga samunsa kafin a yanka masa haraji, ya tsayar da shi a dala 12,000 ga mutum ɗaya, 16,000 ga ma'aurata, aka ciyar da 'yan makaranta kyauta da kuɗin. Kason kowa ɗaya ne, amma abin da ake yanka a kai ya ƙaru ga na sama. Yara suka ci fiye da yadda aka yi hasashe, kuɗin ya gaza, aka koma gaban masu zaɓe a Nuwamba 2025 suka ƙara matse adadin zuwa dala 1,000 da 2,000. Hanya ta biyu ita ce rangwamen haraji ga marasa ƙarfi, wanda majalisa ke iya yi ba tare da ƙuri'a ba. A 2024 ta kawo rangwame da ya kai dala 3,200 kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara shida ga iyalai masu ƙaramin samu. Wannan yana rage kuɗin shiga tun kafin a auna shi, sai rarar ta ragu. Ba a ƙara wa attajiri ko santi ba, amma abin da da za a mayar masa ya tafi gidan mai yara. Rauninsa shi ne an ɗaure shi da ƙarfin kuɗin shiga, in shekara ta yi tsanani sai ya ragu ko ya tsaya, daidai lokacin da iyalan suka fi buƙata.

Akwai wani tarko ga duk sabon haraji. Kafin zaɓe ana aika wa kowane gida mai rajista wani ɗan littafi mai shuɗin bango, a ciki an rubuta hasashen abin da harajin zai tara a cikakkiyar shekarar farko. In aka tara fiye da hasashen, dole a mayar da ƙarin a kuma rage harajin, sai in an sake tambayar jama'a. Ya faru da harajin taba a 2023, da na abincin makaranta a 2025, duk sai da aka sake ƙuri'a. Da harajin masu kuɗi wannan haɗarin ya fi girma, don samunsu ba albashi ba ne, ribar hannun jari ce da sayar da kamfani ko kadara, abin da ke ninkawa bana ya rabe biyu baɗi. Jihar da ta ɗora albashin malamai na dindindin a kan irin wannan kuɗi ba tare da asusun ajiya ba za ta sha wuya, Kalifoniya ta sha ganin haka da kasonta na sama na kashi 13.3.

Maganar cewa masu kuɗi za su gudu, a ganina kowane ɓangare yana wuce gona da iri. Binciken masana Cristobal Young da Charles Varner a kan bayanan harajin tarayya ya nuna miloniyoyi ba su cika ƙaura ba, don sana'arsu da iyalansu sun ɗaure su. Amma kaɗan ɗin da ke tashi suna da nauyi: da attajiri David Tepper ya bar Niu Jasi ya koma Fulorida, sai da jami'an kasafin jihar suka yi maganar giɓin da mutum ɗaya zai iya bari. Kolorado kuma tana maƙwabtaka da Wayomin, wadda ba ta karɓar harajin samun kuɗi sam. Abin da ya fi ƙaura yawa shi ne sauya lokaci, mutum ya sayar da hannun jarinsa a Disamba kafin sabon kaso ya fara a Janairu, sai shekarar farko ta ba da adadin da ba zai maimaitu ba.

In kana son ganin inda abubuwan biyu suka haɗu a shekara ɗaya, dubi jihar Masacusets. Dokarsu ta 1986 ta ɗaure kuɗin haraji da ƙaruwar albashin jama'a. A 2022 an haura iyakar, karo na farko tun 1987, aka mayar da dala biliyan 2.94, kowa kimanin kashi 14 cikin 100 na harajin da ya biya, wanda ya sa manya suka kwashi mafi yawa. A Nuwamban shekarar masu zaɓe suka ƙara kashi 4 a kan samun da ya haura dala miliyan ɗaya, don ilimi da sufuri. A 2023 majalisarsu ta toshe ramuka uku: ta fitar da sabon kuɗin daga lissafin iyaka, ta ce rara ta gaba daidai za a raba, ta kuma hana ma'auratan da suka haɗa takarda a tarayya su raba ta a jiha don kowa ya tsaya ƙasa da miliyan. Harajin ya tara sama da dala biliyan 2 a shekararsa ta farko. Oregon kuwa tata iyakar hasashe ce: in kuɗi ya haura hasashen masana da kashi 2, duk ƙarin ake mayarwa, a 2024 ya kai biliyan 5.6.

Kada ka gina kasafin gidanka a kan cek ɗin. Kolorado tana fara lissafin harajinta daga adadin da mutum ya rubuta a takardar tarayya, don haka da majalisar tarayya ta rage haraji a Yuli 2025, kuɗin shigar jihar ya faɗi, gwamna Jared Polis ya kira zaman gaggawa a Agusta don cike giɓi. A shekarar da akwai rara kuma, ba ta zuwa da kanta. Sai ka zauna a jihar shekarar gaba ɗaya, ka cike takardar harajin jiha mai lamba DR 0104 kafin wa'adi, ko da samunka bai kai a yanka maka haraji ba, ka kuma cike layin neman rarar a cikinta. Tsofaffi da ɗalibai da masu ƙaramin samu su suka fi rasa nasu, don suna ganin tunda ba a bin su komai ba sai sun cike ba. In ka sauya gida, ka sanar da ma'aikatar haraji sabon adireshi ko ka ba da lambar asusun banki a takardar, don cek da dama a tsohon akwatin wasiƙa suke ƙarewa.